PowerPoint, Google Slides, Canva ko Prezi: Wanne Malamin Turanci Zai Ɗauka?

Idan makaranta ta samu majigi, ko malami ya lallaɓa ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, abin da yake fara tambaya shi ne wace manhaja zai zauna ya koya. Sunaye huɗu ne suka fi yawo a bakin malamai: PowerPoint, Google Slides, Canva da Prezi. Akwai wasu biyu da ba a cika ambata ba alhali suna da rana, wato LibreOffice Impress da WPS Office. A ido duk aikinsu ɗaya ne, ka haɗa rubutu da hoto da sauti a shafi-shafi ka haska wa aji. Sai ka shiga aji mai ɗalibai 70, taga a buɗe, rana ta take, wuta kuma ba tabbas, sannan bambancinsu yake fitowa fili.

Ni da abubuwa biyu nake auna su. Na farko, ranar da babu intanet, darasin zai buɗe ya tafi yadda aka tsara shi? Na biyu, manhajar za ta taimaka wa yaro ya buɗe baki ya furta Turanci, ko kuwa za ta mai da shi ɗan kallo? Kyan zane da walƙiyar shafi suna can baya.

Dalilin da ya sa na matsa a kan na biyun yana cikin jarrabawar da muke shirya yaran nan dominta. A Turancin WAEC na Najeriya akwai takarda ta uku mai suna Test of Orals, tambayoyi 60 cikin minti 45, duk a kan wasula da baƙaƙe da inda ake danna murya a kalma ko a jimla. Jarrabawar furuci ce amma ba da baki ake amsa ta ba. Shi ya sa yara da yawa suke haddace alamomin sauti kamar /θ/ da /ʃ/ da /ə/ ba tare da kunnensu ya taɓa rarrabe su ba. Ga kuma abin da harshenmu ya gadar mana. Hausa ba ta raba p da f, don haka pan da fan, pull da full, copy da coffee duk sukan fito iri ɗaya a bakin yaro. Haka v takan koma b, vote ta zama boat. Sautin farko na thin yakan koma s. Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, shi kuwa Turancin da ake jarrabawa a kansa yana da tilon wasali 12 da tagwai 8. Allo da alli ba sa magana. Nan ne manhaja take da aikin da ba wanda zai yi mata, muddin za ta iya fitar da sauti daidai lokacin da malami yake so.

A wannan fage PowerPoint ba shi da na biyu. Tsohon hannu ne, tun 1987 ya fito, a shekarar ce kuma Microsoft ya saye kamfanin da ya ƙirƙire shi. Idan yana kan kwamfutarka ba ruwansa da intanet. Sautin da ka saka a shafi yana shiga cikin fayil ɗin ne kansa, in ka kwafe shi a filashi ka kai wata kwamfutar, muryar tana biye da shi. Kana iya ɗaukar muryarka kai tsaye a ciki, ko ka saka wadda ka ɗauko a waya. Kuma kana iya sa kowane abu da ke shafin ya ɓuya har sai ka danna.

Ga yadda darasi ɗaya yake tafiya. Shafi ya fito da hotuna biyu kawai, babu rubutu: hagu kaskon suya da lamba 1 a ƙasansa, dama fanka da lamba 2. Malami ya danna, lasifika ta ce fan. Duk aji su ɗaga yatsa, ɗaya ko biyu, ba wanda zai yi magana. Daga inda kake tsaye, cikin daƙiƙa uku ka ga layin da kunnensu ya kama da layin da suke satar kallon hannun maƙwabci. Sai ka sake dannawa, rubutun kalmar ya bayyana a ƙasan hoton da ya dace. Bayan kalmomi shida ko bakwai sai a juya: yaro ɗaya ya tashi ya furta, sauran su nuna wadda suka ji. Wanda ya yi niyyar pan amma aji ya ɗaga yatsu biyu, ba sai malami ya ce masa komai ba. A ba shi guntuwar takarda ya riƙe a gaban leɓensa, ya ga yadda iskar p take kaɗa ta lokaci guda, ita kuwa f haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa. Duk ƙarfin wannan darasi yana cikin jinkirin nan da ke tsakanin jin sauti da ganin rubutu. Manhajar da ba za ta riƙe maka rubutun ba har sai ka so, ta lalata shi.

Akwai ƙananan dabaru da suka sa nake ƙara son PowerPoint a aji. Kana cikin haskawa ka danna harafin B, allon ya yi baƙi ƙirin, idanun yara su dawo kanka. Ka danna Ctrl da P, linzamin kwamfuta ya zama alƙalami, ka ja layi a ƙarƙashin aikatau ko ka kewaye kuskure a jimla. Akwai kuma tsarin da malami yake ganin bayanansa da shafi na gaba a tasa kwamfutar, yara kuwa shafin darasi kaɗai suke gani.

Matsalarsa kuɗi. Cikakken PowerPoint na kwamfuta sai da lasisi, ko na saye sau ɗaya ko na Microsoft 365 da ake sabuntawa. Kwamfutoci da yawa da ake saya a kasuwa sukan zo da shi a ɗore, amma ba kowanne ne mai lasisin gaskiya ba, kuma irin wannan yakan wayi gari ya hana ka gyara ko adana aiki. Akwai na kyauta da ake buɗewa a burauza, sai dai wannan ya koma neman intanet. Wanda ba shi da halin saye ya sauke LibreOffice, kyauta ne halak malak, gidauniyar The Document Foundation ce take kula da shi tun 2010. Ɓangarensa mai suna Impress yana aiki ba intanet, yana buɗe fayil ɗin PowerPoint, yana ɓoye abu ya fito da shi idan an danna. Fuskarsa ba ta kai ta PowerPoint kyau ba, kuma fayil ɗin da aka ƙawata sosai a PowerPoint wani lokaci yakan ɗan gurɗe idan an buɗe a ciki, musamman wajen sauti, don haka a gwada kafin ranar darasi. Amma darasin p da f ɗin can zai yi shi tsaf.

Google Slides kuwa wata baiwar gare shi daban. Duk mai adireshin Gmail yana da shi kyauta, tare da ma'ajiyar gigabayit 15 da Gmail da Drive da Google Photos suke rabawa. Yana adana aiki da kansa, ko kwamfuta ta mutu ko an sace waya darasinka yana nan. Babban abin da ya fi sauran da shi shi ne mutane da yawa su yi aiki a fayil ɗaya lokaci ɗaya. Makarantar da ke da malaman Turanci huɗu, maimakon kowa ya yi ta fama shi kaɗai, sai su raba manhajar zango: wannan ya ɗauki fahimtar rubutu, wannan nahawu, waccan furuci, wancan wasiƙa da insha'i. Shugaban sashe ya shiga ya bar gyara a gefen shafi. Badi ba sai an faro daga tushe ba. A kwalejojin ilimi da jami'o'i, inda ɗalibai suke da wayoyi, ana iya ba kowane rukuni shafinsa a fayil ɗaya su rubuta sakin layi, malami yana kallon yadda rubutun yake fitowa yana gyarawa. Wannan PowerPoint ma yana yi ta OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, amma na Google ya fi sauƙin shiga ga wanda waya kaɗai gare shi.

Inda yake ba da kunya shi ne cikin aji. Ana iya sa shi ya yi aiki ba intanet, amma sai ka saita hakan tun da wuri a Chrome ko a manhajar waya, lokacin da kake da data. Ko ka saita, sauti da bidiyo ba a cikin fayil ɗin suke zaune ba, daga Drive ko YouTube yake janyo su. Ke nan ranar da sabis ya yi rauni hotuna za su fito, murya ta ƙi fita, yara 70 suna jiranka. Ga malamin Adabi ko Tarihi wannan ƙaramar matsala ce. Ga mai koyar da furuci kuwa darasin ne gaba ɗaya ya tafi. Shawarata a nan ita ce a haɗa darasi a Google Slides idan aikin haɗin gwiwa ne, a sauke shi a matsayin fayil ɗin PowerPoint, a saka sautukan a kwamfuta, a shiga aji da wannan.

Canva shi ne wanda matasan malamai suka fi ƙauna, kuma na san dalili. Kamfanin Ostareliya ne da ya fara aiki a 2013, Melanie Perkins na cikin waɗanda suka kafa shi. Cike yake da zane-zane da hotuna da shafukan da aka riga aka tsara, mutumin da bai taɓa koyon zane ba zai fitar da abu mai kyan gani cikin rabin sa'a, a waya ma. Yana da tsarin kyauta, abubuwan da aka yi wa alamar kambi ne na kuɗi. Yana kuma da tsari na musamman kyauta ga malaman firamare da sakandare, bayan sun tura shaidar aikinsu an tantance. Wajen koyar da kalmomi yana da amfani ƙwarai. Kana son hoton abin da ba ya cikin rayuwar yaran, kamar dusar ƙanƙara ko tashar jirgin ruwa, ko kana son jera hotuna huɗu da yara za su kalla su ba da labari da past tense, nan da nan za ka samu.

Sai dai ina da ƙorafi biyu a kansa. Na farko, haɗa aiki a Canva yana buƙatar intanet kuma yana shan data, domin kowane hoto da ka leƙa sai ya sauko. Na biyu ya fi damuna. Shafukansa da aka riga aka tsara an yi su ne don talla da taron kamfani, rubutu siriri mai lanƙwasa, launuka masu laushi, ado a kowane lungu. A fuskar waya abin sha'awa. A bangon aji da rana tsaka, ruwan hoda a kan fari ɓacewa yake yi, yaron da ke bencin baya ba ya ganin komai. Kuma yawan adon yana jan malami ya ɓata daren da ya kamata ya yi tunanin tambayoyin da zai yi wa yara wajen zaɓen fure. Ni na ɗauki Canva a matsayin wurin haɗa hoto: ka tsara abin da kake so, ka sauke shi a matsayin hoto, ka liƙa a PowerPoint ko Impress. Ana iya sauke dukan aikin a matsayin fayil ɗin PowerPoint, amma salon rubutu yakan canza, layuka su hau juna.

Tunda an zo maganar salon rubutu, ga wani abu da yake tuntuɓe da malaman Turanci fiye da kowa. Alamomin sauti irin su /θ/, /ð/, /ʒ/ da /ŋ/ ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da su ba. Haka ƙ da ɗ da ɓ namu, idan kana son saka fassarar Hausa ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ka rubuta a gida lafiya lau, ka kai kwamfutar makaranta ka ga ɗan akwati fanko a inda alamar take, ko harafin ya fito da wata siffa daban da 'yan'uwansa. Salon ƙawa na Canva sun fi kowa wannan laifi. Maganin shi ne a tsaya a kan salon da aka san yana da su. Noto Sans na Google yana da su. Andika da Charis, waɗanda cibiyar SIL ta ƙera, su ma haka, kuma Andika musamman don masu koyon karatu aka yi shi, haruffansa ba sa rikita yaro. Kyauta ake sauke su. PowerPoint yana da zaɓin cusa salon rubutu a cikin fayil ɗin, wanda ya kamata a kunna idan za a kai shi wata kwamfutar. Shafin da ba ya buƙatar motsi ko sauti kuma a mai da shi PDF, ba abin da zai gusa.

Prezi ba zan daɗe a kansa ba. A Budapest ta ƙasar Hungary aka fara shi, ya fito a 2009. Maimakon shafi bayan shafi, faffaɗan fili ɗaya yake ba ka, kana zuƙo wani sashe kusa kana komawa baya. Wuri ɗaya na ga wannan ya dace da ajin Turanci: nuna ginin rubutu. A ga dukan insha'i daga nesa, gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa, sannan a zuƙo sakin layi ɗaya, a zuƙo jimlar da ta ɗauki ma'anarsa. Ga sashen taƙaitawa na WAEC, inda yara suke kwafe sakin layi sukutum maimakon su tsamo jigonsa, wannan hoto ne mai amfani. Amma yana son intanet mai ƙarfi da kwamfuta mai lafiya, haskawa ba intanet sai mai biyan kuɗi, kuma yawan shawagin allon yana sa wasu jiri. Ana iya kwaikwayon dabarar a PowerPoint ta hanyar haskaka jimla ɗaya da launi a dusashe sauran. Ban ga dalilin da malamin sakandare zai sa kuɗinsa a Prezi ba.

To wanda ba shi da kwamfuta fa, waya kaɗai gare shi? Su ne ma suka fi yawa. WPS Office, na kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, yana kan wayoyin Android da yawa, yana haɗa shafuka yana buɗe fayil ɗin PowerPoint ba intanet, illa dai tallace-tallacen da yake cusowa a tsarin kyauta. Shi ma PowerPoint yana da manhajar waya. Wahalar tana wajen kai hoton bango. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta ramin caji, ko da an sayi igiyar HDMI, don haka kada a saya sai an gwada a shago. Abin da ya fi yin aiki shi ne 'yar na'urar da ake soka wa talabijin ko majigi ta karɓi hoton waya ta iska. Akwai kuma hanyar da ta fi duka sauƙi: a adana kowane shafi a matsayin hoto, a sa musu lamba bi da bi, a zuba a filashi, a soka a bayan filasma, a riƙa wucewa da rimot. Ɓoyewa da bayyanawa ma ana iya yi, ka yi shafi biyu, na farko ba amsa, na biyu da amsa. Sautin kuma ya fito daga waya ta ƙaramar lasifikar Bluetooth.

Wannan ya kawo zaɓin da nake ganin ya fi na manhaja nauyi ga shugaban makaranta mai riƙe da kuɗi. Majigi mai fitila yana cin wuta kusan wat 250 zuwa 300, kuma a ajin da ba labule, wanda haskensa bai kai lumen 3,000 ba (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske) wahala kawai zai ba da. Ƙananan majigin nan masu arha da ake tallatawa don kallon fim a ɗaki da dare ba za su yi ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskarsa, ya yi zafi ya kashe kansa, sai ana sharewa. Talabijin mai inci 43 ko 50 ba ya cin rabin wannan wutar, ƙaramar sola da inbata za su riƙe shi, rana kuma ba ta kashe haskensa. Aibinsa ƙanƙanta, a babban aji sai an rage rubutu an ƙara girmansa. Ko wanne aka saya, kada girman harafi ya gaza 32, baƙi a kan fari, kuma malami ya taka da ƙafarsa zuwa bencin ƙarshe ya karanta kafin yara su shigo. A sa kuɗin lasifika a lissafi tun farko, domin ta jikin kwamfuta ba ta wuce layi na biyu.

Akan ce gani ya kori ji, amma a ajin harshe ba a so hakan ta faru. Richard Mayer, masanin ilimin halayyar koyo a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya daɗe yana bincike a kan koyo da hoto da magana, kuma cikin abin da ya nuna akwai cewa hoto tare da bayanin baki ya fi shiga, cika allo da ado da dogon rubutu kuwa yana raba hankalin mai koyo. Duk malamin da ya taɓa haska sakin layi guda ya ga hakan da idonsa: kawuna su sunkuya, biro ya fara gudu, ba mai sauraro. Idan abin kwafa ne a ba shi lokacinsa daban. A darasin minti 40, shafi takwas zuwa goma sun isa, kuma kowanne ya zo da abin da yaro zai yi, ko ya furta, ko ya zaɓa, ko ya gyara jimla, ko ya tambayi na kusa da shi. Manhajojin gasa irin su Kahoot da Mentimeter suna da daɗi, amma sai kowane ɗalibi ko rukuni na da waya da data, abin da yawancin makarantun sakandarenmu ba su yarda da shi ba ma. Yatsa ɗaya ko biyu, ko katin A, B, C, D da aka yanka daga kwali, suna ba malami amsar da yake nema.

Saboda haka malamin sakandare mai kwamfuta ya zauna a kan PowerPoint, in lasisi ya gagara ya ɗauki Impress, ya riƙa leƙa Canva idan hoto yake nema. Sashen da malamansa suke son tara darussa wuri ɗaya su yi ginin a Google Slides, su sauke kafin shiga aji. Malamin kwaleji ko jami'a da ɗalibansa ke da wayoyi shi ne zai ci cikakkiyar moriyar Google Slides, musamman a darasin rubutu. Mai waya kaɗai ya fara da WPS da filashi da filasma, kuma darasin farko da zai haɗa ya zama na p da f, kalmomi bakwai, hotuna 14, da muryar da ya ɗauka a ɗaki shiru bayan sallar isha'i. Idan an tashi, ya tura fayil ɗin a zauren WhatsApp na iyaye ko ta Xender, yaran da ke da waya a gida su sake saurara.